Zomayen Maigandi

A shekarun yaƙin Turawa, lokacin da aka riƙa kwasar maza zuwa aikin kuza a Jos, Maigandi na cikin waɗanda aka ɗiba daga Rara. Ya tafi da ƙarfinsa, ya dawo da tari da rama. Abin da ya riƙo kawai kwando ne mai zomaye biyu farare, kyautar wani kuku da suka yi zaman mutunci a can.

Matarsa Sabuwa ta leƙa kwandon ta ce, "Malam, mi za mu ba su? Hatsin ga ko mu ba ya kai mu kaka."

"Ba ruwansu da hatsinki," in ji shi. "Abin da anka zubas suka ci."

Haka kuwa aka yi. In ta surfa gero, sai ta tara dusar. Ta bi gonaki tana tsintar harawar wake, ta gangara fadama ta roƙi ganyen dankali. Maƙwabta suna dariya, wai yaushe aka fara yi wa naman daji bauta.

Zomanyar ta haihu, ƴaƴan suka fara tasawa. Sai wata rana Sabuwa ta ba su jiƙaƙƙiyar dusa da ta kwana ta yi tsami. Kafin la'asar cikinsu ya kumbura, rabinsu suka mutu. Maigandi, wanda bai yi kuka ba ko a ramin kuza, ya juya fuska bango.

Inna Adama, tsohuwar Bafillatana mai kawo musu nono, ta tarar da su haka. Ta shinshina dusar ta ce, "Ɗiyata, ko maraƙi wagga na kashewa. Shanya ta ga rana, ki haɗa da busasshiyar harawa da ɗan kanwa."

Sabuwa ta bi maganarta, sauran suka rayu, suka yi ƙiba. Maigandi bai sake iya riƙe fartanya ba, amma ya samu abin yi. Yakan zauna inuwa yana saƙa musu akurki da kara, yana daddatsa harawa. In an yanka ɗaya ya sha romo, sai ya kwana biyu tarin bai matsa masa ba.

Bayan kaka, wata mata mai suna Turai ta zo daga Kagara. Mijinta Atiku tare suka tafi da Maigandi, shi bai dawo ba. Ta gaishe su, sannan ta ce wa Maigandi, "An yi mishi sutura?"

"An yi. Ni na wanke shi, mun kuwa sallace shi."

Ta share hawaye da bakin mayafi. Da za ta tashi, Maigandi ya ce wa Sabuwa ta kamo mata zomaye biyu, mace da namiji. Sabuwa ta ƙulla mata dusa a tsumma, ta raka ta har bakin gari tana yi mata bayanin shanya dusar.