Wane Tobiyan?

"Tsaya nan! Koma ka maimaita min wurin nan."

Yakuba ya koma ya maimaita, muryarsa na ƙara yin ƙasa. Zaune yake a bakin katifa, tsohon Littafi Mai Tsarki na mahaifinsa a buɗe bisa cinyarsa. Baba Ɗantsoho kuwa yana jingine da bango, idonsa na dama naɗe da bandeji tun aikin da aka yi masa jiya, na hagun kuma yanar ido ta daɗe da rufe shi. Ido dai babu, amma kunne da baki Allah ya bar masa su da ƙarfinsu.

"To, ka ji da kunnenka," in ji tsohon. "Tobiya ke nan. Ana ginin ganuwar birnin Allah, shi yana gefe yana dariya, wai ko dila ya hau sai ta rushe. Daga baya ya je ya tare a ɗakin Haikali, sai da Nehemiya ya watso masa kaya waje kamar ɗan hayar da ya ƙi tashi. Sunansa za ku raɗa wa jikana? Auta, lafiyarka kuwa?"

Gobe ne suna, kuma Yakuba ya shiga tsaka mai wuya. Tafinta ne shi a nan Alƙahira, aikinsa raka 'yan gida masu zuwa asibiti ya tsaya tsakaninsu da likitoci, amma yau tsakanin matarsa da ubansa ya rasa yaren da zai yi. Mariama 'yar Dogondutsi ce, Katolika, mahaifinta katikis ne, wato mai koyar da addini a coci, mai suna Tobiya, ya rasu bara. Tana kan gwiwa Yakuba ya yi mata alkawarin in namiji ne sunan marigayin za a mayar. Baba Ɗantsoho kuma dattijon ikilisiyar ECWA ne a ƙauyensu kusa da Malumfashi, shi ya fara barin tsafi a gidansu, ya kuma ɗauki wa'adi cewa duk wanda ya fito daga tsatsonsa sunan mutumin kirki na cikin Littafi zai ci. Ba a taɓa raɗa suna a zuriyarsa ba da bakinsa ba.

Mariama ta fito daga ɗaka rungume da jaririn, ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Baba, ku gafarce ni, ba wanga ba ne. Akwai wani."

"Wani a ina, 'yata? Littafin nan na karance shi daga Farawa har ƙarshe, na koma na sake, har ido ya ce ya gaji. Akwai wasu da aka ambata a wuce, ko tari ba su yi ba. Mai labari dai shi ne wannan ɗan rainin wayon."

"A namu littafi guda ne sukutum."

Ta miƙo nata, na Faransanci, mai jan bango. Yakuba ya ɗora shi a hannun tsohon. Baba ya jinjina shi, ya jinjina nasa, ya shafa kaurin kowanne.

"Kai! Naku ya kumbura. Littattafai nawa ne a ciki?"

"Saba'in da uku."

"Namu sittin da shida. Bakwai ɗin daga wace kasuwa?"

Mariama ba ta yi dariya ba. Ta gyara zama ta ba shi labarin a taƙaice. Wani tsoho ne mai tsoron Allah, Tobit, mai binne gawarwakin da aka yasar. Wata rana yana kwance a jikin katanga kashin tsuntsu ya faɗa masa a ido, ya makance. Ɗansa ya yi doguwar tafiya tare da wani baƙo, ashe mala'ika ne, karensu na biye da su. Da ya dawo ya shafa wa uban matsarmamar kifi, ido ya buɗe. Sunan wannan ɗan mahaifinta ya ci.

"Kashin tsuntsu, kare, kifi," in ji Baba yana ƙirgawa da yatsu. "Saura gizo da ƙoƙi."

Nan fa Mariama ta miƙe, hawaye na zuba, ta koma ɗaka ta saki labule. Yakuba ya ji kamar ya nutse. Shi ma tsohon jikinsa ya yi sanyi, don ba mugu ba ne, baki ne kawai ke riga shi fita. Amma ya ce a yi haƙuri? Haba, sai dai wani tsohon.

Ana cikin haka aka buga ƙofa. Abdurrahim ne, maƙwabcinsu na bene na sama, Bakano mai karatu a Azhar. Matarsa ce ke yi wa Mariama ruwan wankan jego, shi kuma ya yi alkawarin raka su asibiti a kwance bandeji.

"Yalla, Baba, tasi na jira a ƙasa!"

Suka riƙo tsohon, ɗaya a dama ɗaya a hagu, suka sauka. Daga Hayyis Sabi'i zuwa Zamalik ba wata tafiya ba ce in hanya a buɗe take, to amma yaushe rabon hanyar Alƙahira da buɗewa? Tun kafin su hau gada motoci suka cushe, mikrobas na hon, tasi na hon, kowa na zagin na gabansa. Abdurrahim ya waiwayo daga kujerar gaba ya dubi Yakuba.

"Angon ƙarni, yaya na gan ka kamar an aiko maka da mutuwa?"

Yakuba ya so ya share, Baba ya riga shi. Ya zayyana komai, har da dilan. Abdurrahim ya saurara, can sai ya tuntsire da dariya har direba ya dube shi.

"Allahu Akbar! Baba, wallahi a kan wannan na rubuta jarrabawa. Sashenmu ke nan, nazarin addinai."

"Ikon Allah," in ji Baba. "Yau Malam zai raba gardamar Kiristoci. To, bismilla. Wa ya ƙara?"

"Ai da farko babu littafi ɗaya a ɗinke haka. A warwatse suke, wannan ikilisiya tana da wasu, waccan tana da wasu. Tsohon Alkawarin da akasarinsu ke karantawa fassarar Girkanci ce, Yahudawa suka yi ta a nan Masar, a Iskandariyya, kuma a cikin kwafe-kwafenta akwai littattafan nan da kuke gardama a kai. Sai wajen shekara ɗari huɗu bayan Annabi Isa bishop-bishop suka zauna, a Hippo da Kartaj, ƙasashen da ake kira Aljeriya da Tunisiya yanzu, suka jera: wannan ya shiga, wannan ya tsaya a waje. Roma ma a kan jerin nan take."

"Da na surukar tawa a ciki?"

"Da shi."

Baba ya yi gyaran murya. "Ci gaba."

"Bayan sama da shekara dubu masu gyara suka taso a Turai, suka ce a koma ga jerin Yahudawa na Ibrananci, wanda babu bakwai ɗin. Suka ware su gefe, daga baya aka daina buga su. Katolika kuma suka sake zama suka ce a'a, suna nan daram. Kibɗawan ƙasar nan ma suna da su."

"Wato ƙari suka yi."

"Su kuma cewa suke ku kuka rage."

"Kai me ka ce?"

"Ni? Baba, rufa min asiri! Ni abin da kowa ya faɗa na rubuta, na ci jarrabawata. Ina da nawa Littafin, shi ma ban gama da shi ba."

Har Yakuba sai da ya murmusa. Tsohon kuwa ya karkata kunne wajen kujerar gaba. Mota ta ɗan gusa, iskar kogin Nilu ta shigo ta taga.

"Malam, tsaya. Su Matiyu da Markus da Luka fa? Wa ya jera su?"

"Zaman nan dai ya tabbatar da su. A Sabon Alkawari ba ku da saɓani ko na littafi ɗaya."

"Kana nufin Littafin da na bar tsafin ubana saboda shi, su Fada na Katolika ne suka ɗaure min shi?"

"Lokacin ai ba a rabu ba, Baba. Kakanninku ne ku duka."

"Hm," in ji Baba. "Kunne ya girmi kaka." Daga nan bai ƙara cewa uffan ba har suka sauka, abin da Yakuba bai taɓa gani ba tun da ya yi wayo.

A asibiti likitar mace ce, mai fara'a. Ta zaunar da tsohon, tana ta "ma'alish, ya Hajj, ma'alish," wato sannu, Yakuba na fassarawa duk da babu abin fassarawa. Ta ɓare bandejin a hankali, ta goge, ta ɗiga magani. Baba ya ƙyafta ido, ya sake ƙyaftawa. Abin da ya fara gani fuska ce ta sunkuyo dab da tasa, baki a buɗe, gumi a goshi.

"Wane ne wannan mai furfurar?"

"Ni ne, Baba."

"Auta? Kai ne da furfura a gemu?"

Ya kai hannu ya kama gemun. Rabon da ya ga fuskar nan sosai tun yaron na saurayi. Yaron nan ne dai ya aiko aka sa shi a jirgi, shi ya kwana a kujera a gefensa, shi ke riƙe masa hannu zuwa banɗaki. Tausayi da farin ciki suka taru suka lulluɓe tsohon, hawaye suka gangaro. Likita ta ce a gaya masa kada ya murza idon.

"Gaya mata ba kuka nake ba," in ji Baba. "Maganinta ne ke da yaji."

A hanyar dawowa babu abin da bai tanka ba. Ya ga kogi ya ce wannan ai teku ne. Ya ga benaye ya tambaya ko mutanen sama suna saukowa kullum. Ya dubi Abdurrahim ya ce ashe Malam ɗin ɗan firit ne, muryar ce kawai ta manya. Maganar suna dai bai tayar ba, Yakuba kuma bai yi gangancin tayarwa ba. Idan tsohon ya kafe, ko dai ya karya alkawarin da ya yi wa mace tana naƙuda, ko ya raɗa suna ba da bakin ubansa ba. Duk biyun babu na ɗauka.

Da la'asar suka iso. Baba ya hau benen da ƙafarsa, ya ƙi a riƙe shi. Ya zauna a falo ya ce a kira masa maijego, ta zo da yaron da kuma littafinta.

Mariama ta fito idanunta a kumbure, ta durƙusa ta yi masa barka da arziki. Ya dube ta da kyau, karon farko ke nan da ya ga fuskar surukarsa. Ya karɓi jan littafin ya ce ta buɗe masa wurin. Ya ƙura wa Faransancin ido, ko harafi ɗaya bai ɗauka ba, ya rufe ya ajiye shi a gefen nasa. Sannan ya miƙa hannu aka ba shi jaririn.

"Kai, wannan mummunan! Hancin gidanmu ne sak, Allah ya ba ka haƙuri." Ya ɗaga kai. "'Yata, ɗazu bakina ya yi gudu. Ki yafe wa tsoho."

"Ba komi, Baba."

"Amma ki ji da kyau. Littafin nan naku ban ce na karɓa ba. Sittin da shida na sani, da su za a binne ni. Sai dai Malam ya ce mutane ne suka zauna, suka yi addu'a, suka duba, suka ce wannan ya shiga. To, a gidan Ɗantsoho ni ne bishop, ni ne majalisa. Na zauna tun daga kan gada. Ɗan da ya nemo wa ubansa ido ba tatsuniya ba ne, yau na kama gemunsa. Na shigar da sunan."

Abdurrahim ya yi kabbara daga bakin ƙofa. Yakuba ya sauke numfashi ya zauna daɓas a ƙasa. Mariama ta rufe fuska da mayafi, tana kuka tana dariya.

"Dattawan ikilisiya fa, Baba?" in ji Yakuba. "In suka buɗe Nehemiya?"

"Sai in ce musu ba wannan ba ne, akwai wani. In sun matsa in turo su wurin Malam." Ya juya ga Mariama, ya miƙa mata yaron. "Ungo. Ke kika yi yaƙin, ke za ki fara. Kira shi mu ji."

Mariama ta karɓe shi, ta buɗe baki, sai ta tsaya. Ta sunkuyar da kai.

"Baba, sunan mahaifina ne. Ga shi ɗan fari. Ni ai sai dai in ce Abba."

"To kai, Auta."

Yakuba ya sosa ƙeya. "Sunan surukina, Baba? A gabanta?"

Tsohon ya dubi wannan, ya dubi waccan, da sabon idonsa. Abdurrahim ya riƙe ciki ya jingina da ƙofa.

"Au! Wato duk rigimar nan, a faɗin gidan nan babu mai bakin faɗinsa sai ni?"

Baba ya girgiza kai, ya sake miƙa hannu aka mayar masa da jaririn. Ya gyara masa hula, ya kawo bakinsa kusa da ɗan kunnen.

"Tobiya," ya ce. "Kai, Tobiya! Buɗe ido ka ga kakanka, ni na riga na buɗe nawa."