Kujera ta Tara

Babu inda ran ɗan Adam yake da tsaro a faɗin ƙasar nan kamar a kan Guguwa. Gadon mutum ma bai kai ta ba, domin kullum ana mutuwa a gado, amma a kan Guguwa ko ƙwarzane ba a taɓa yi ba. Mai shakka ya ɗaga kai a ƙofar filin wasan, zai ga allo da jan fenti: KWANA 3,999 BABU FASINJAN DA YA JI RAUNI. Lambobin na katako ne, a ƙusa ake rataye su, kowace safiya a ƙara ɗaya.

Guguwa jirgin wasa ne mai tarago shida da kujera goma sha biyu, a kan dogon ƙarfe da ke hawa sama har sai mutum ya tuna da zunubansa, sannan ya sako shi ƙasa. Abin da ke raba fasinja da lahira sanda ce mai soso da ake jawo masa kan cinya. A gindinta akwai haƙoran ƙarfe da wani ɗan harshe da ke faɗawa tsakaninsu, ƙas, ƙas, ƙas. In harshen ya kama, sai dai ka yi ihu, ba za ka fita ba.

Mai kula da haƙoran nan shi ne bakaniken da kowa ke kira Baba Sifana. Shi ne kuma mai sauya lambar allo. Shekara goma sha ɗaya yana wannan aiki, bai taɓa hawa Guguwa ba, don wanzami ba ya son jarfa.

Wata bakwai da suka wuce ya gano haƙoran kujera ta tara sun cinye. In jirgi yana tsaye, ka ja sandar da duk ƙarfinka, ba za ta motsa ba. Sufeton gwamnati ma ya zo ya ja, ya gyaɗa kai, ya buga hatimi. Sai a tudu na uku, inda jiki ke tashi sama tarago kuma yana karkarwa, harshen yakan zame. Wani lokaci haƙori ɗaya, wani lokaci biyu.

Ya je ofis ya faɗa wa Manaja. Manaja mutum ne mai natsuwa, mai biro uku a aljihun gaba.

"Baba Sifana, an aika a kawo sabo daga waje."

"To kafin ya iso, ranka ya daɗe, a rufe kujerar."

"Rufe kujera sai da jar takarda. Jar takarda kuwa tana zuwa babban ofis, su dakatar da jirgin gaba ɗaya. Ka tuna bakaniken babban lilo?"

Ya tuna. Mutumin ya cika jar takarda ranar Litinin, ranar Alhamis aka yi masa walimar ban kwana, aka ba shi agogon bango.

Saboda haka a takarda kujera ta tara lafiyarta lau. A zahiri kuwa, Baba Sifana ya nemo dabara. Kowace safiya akan gwada jirgin da buhunan yashi kafin mutane su hau. Sai ya riƙa sauke sha ɗaya, ya bar ɗaya a kujera ta tara, ya ɗaure shi tamau da igiya. Wani ya ɗora wa buhun tsohuwar hula, aka sa masa suna Kawu. Fasinjoji suna ɗaukar hoto da shi. Mai tikiti, wata mata mai baki kamar reza, ta ce duk filin nan Kawu ne kaɗai ma'aikacin da bai taɓa makara ba, bai kuma taɓa neman hutu ba.

Ranar da allo ya cika dubu huɗu, manya suka zo daga babban ofis da mai ɗaukar hoto. Manaja ya iso dandamali da sassafe, ya tsaya a kan buhun.

"A sauke wannan."

"Ranka ya daɗe, kujera ta tara ce fa."

"Na iya ƙirga, Baba. Yau hoton cikakken jirgi ake so. Me zan ce in suka tambaye ni dalilin buhu?"

"Sai ka faɗa musu."

Manaja ya dube shi kamar ya yi tusa a taro. "Yini ɗaya ne. Allah ne mai tsarewa."

"Ai ba mu ce ba shi ba ne."

Aka sauke Kawu, aka jingine shi a bayan ɗakin inji, hularsa a karkace.

Baba Sifana ya tsaya yana kallon layi. Ya san lissafin. Mai ƙiba ko sanda ta zame haƙori biyu, tumbi zai riƙe shi. Siriri ne abin tsoro. Da aka buɗe ƙofa kuwa, wadda ta nufi tarago na biyar, inda kujera ta tara take, wata malama ce mai tabarau, siririya kamar sillen kara, tana riƙe da takalminta a hannu tana dariya da ƙawarta. Ta sa ƙafa ɗaya ciki ke nan ya riga ta zama.

"Yi haƙuri, 'yata, wannan ta ma'aikata ce."

"Haba Baba, da girmanka kake tsallake layi?"

"Tsufa ne, ba ya jira."

Mai tikiti ta leƙo daga tagarta. "Lallai yau za a yi ruwa da ƙanƙara! Baba, ka bar wasiyya?"

Manaja ya taho da sauri zai fitar da shi, sai wani babba daga cikin baƙin ya tambayi ko wane ne wannan dattijo. Da aka ce bakaniken jirgin ne, ya tafa hannu. Ya ce ga shaida, wanda ya fi kowa sanin jirgin shi ne farkon hawa. Nan take Manaja ya bayyana cewa shi ya tsara haka, kuma Baba Sifana zai yi ta hawa har a tashi, don jama'a su gani.

Ya ja sandar har ta danne masa mara, ya cusa hannun dama ƙarƙashin ƙarfen gefen tarago, ya sarƙe shi har gwiwar hannu. Jirgi ya fara hawa. Daga sama ya hango rufin ɗakin inji da ɗigon hular Kawu. A tudu na uku ya ji abin da ya daɗe yana ji daga ƙasa, wannan karon a cinyarsa: ƙas. Jikinsa ya tashi daga kujera kamar taƙi ɗaya, hannun ya riƙe shi.

Minti biyu ne kowane zagaye. Ya daina ƙirgawa bayan na ashirin. Da rana ta take ya yi amai a bayan dandamali, ya kuskure baki, ya koma kafin wani yaro ya zauna. Ya yi tunanin ya miƙe ya faɗa wa manyan komai. Sai ya hango agogon bango a ransa, ya hango sabon bakanike, matashi mai takardar shaida, yana jan sandar jirgi a tsaye yana gyaɗa kai, yana kwance igiyar Kawu. Ya koma ya zauna.

Wajen la'asar sandar ta zame haƙori uku a lokaci guda. Ƙafafunsa suka fito, duk nauyinsa ya rataya a hannu ɗaya, wani abu ya ce ɓas a kafaɗarsa. Ya buɗe baki iya buɗewa. Daidai nan mai hoto ya danna. Kowa ya yarda shi ne hoto mafi kyau a ranar: dattijo yana shewa kamar yaro. Aka ce shi za a buga a sabon allon talla.

Saura zagaye shida a tashi. Ya yi su da hannun hagu.

A asibitin unguwa, likita ta taɓa kafaɗar, ya ga taurari. Ta ce kafaɗar ta goce, jijiya ma ta yage, da wuya hannun ya sake ɗaguwa sama da kai. Ta ɗauki biro.

"A ina abin ya faru, Baba? Wurin aiki?"

"A banɗaki. Santsi ne."

Matarsa, da ke tsaye riƙe da rigarsa, ta dube shi. Shekara talatin suna tare, ta san banɗakinsu siminti ne mai kaushi kamar dutsen niƙa.

"Santsi," in ji ta. "To, Allah ya kiyaye gaba, Malam."

Da suka kai ƙofar gida ta juyo gare shi. "Wa zai ɗaura maka igiyar takalmi gobe?"

"Ke mana."

"Na sani. Tambaya dai na yi."

Washegari ya riga kowa isa. Ya jawo Kawu a ƙasa da hannu ɗaya, yana hutawa kowane taki biyar, ya tura shi da gwiwa cikin kujera ta tara. Ƙullin igiyar da haƙori ya ja shi. Ya gyara masa hula.

Sannan ya ɗauki tsani ya tafi ƙofa. Ya tsaya ya sake karanta allon a hankali, ko akwai ƙarya a ciki. Babu. Shi ba fasinja ba ne, bai sayi tikiti ba. Ya hau mataki uku, ya cire sifilin ƙarshe da hannun hagu, ya sa a aljihu, ya rataya ɗaya.