Gefen Hagu na Koriyar Mota

Hotuna huɗu ne kacal a tallar, kuma dukansu daga gefen dama aka ɗauke su. Mota ce koriya mai dogon hanci da zagayayyun fitilu, irin wadda aka daina ƙerawa tun kafin a haifi yawancin direbobin da ke kan titi yanzu. A ƙarƙashin hotunan an rubuta layi ɗaya: "Ta sayarwa ce da gaggawa. Wanda ya saya ya zo da janwe, motar da za ta ja ta."

Makanikin da abokan sana'a suke kira Sarkin Tsatsa ya faɗaɗa hoton da yatsu biyu, ya matso da wayar kusa da hancinsa. Shekara ashirin ke nan yana sayen tsofaffin motoci yana tayar da su, kuma tun da ciniki ya koma intanet babu irin damfarar da bai gani ba. Ya ga wanda ya tallata motar maƙwabcinsa, ya ga wanda ya tallata motar da babu ita a duniya. Shi kansa ya taɓa kwana uku a hannun 'yan sanda saboda wata da ya saya da zuciya ɗaya, ashe ta sata ce.

Ƙaninsa, wanda kowa ke kira Fenta, ya leƙo ta kafaɗarsa, hannuwansa fari fat da ƙurar samfefa.

"Yaya, wannan ai amarya ce. Me kake jira?"

"Amaryar da ta ƙi a ga kuncinta na hagu? Dubi farashin ma. Araha ba ta ado."

"Kai dai tun da maciji ya sare ka, ko tsumma ka gani sai ka ɗage ƙafa."

Duk da haka makanikin ya kira lambar. Mace ce ta ɗauka, tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron ta da jariri. Ta ce su zo ranar Talata tsakanin ƙarfe goma da sha biyu, kada su riga, kada su makara, kada kuma su danna hon a ƙofar gida.

Gidan yana ƙarshen wani layi mai shiru. Tun kafin su ƙwanƙwasa makanikin ya lura cewa ƙyauren get ɗin ɗaya ya koɗe, ɗayan kuma sabon fenti ne. Matar da ta buɗe za ta kai shekara arba'in, yatsunta da tabon jan biro irin na masu duba littattafan ɗalibai. Ta amsa gaisuwa a taƙaice, ta kai su wata rumfa, ta yaye tamfol.

An jingina motar da katanga ta gefen hagu, ko tafin hannu ba zai ratsa ba.

Makanikin ya buɗe ƙofa, ƙamshin tsohuwar fata ya bugo shi. Babu ƙura ko ta shafawa. A gaban sitiyari akwai ƙyallen goge gilashi an ninke shi gida huɗu. Ya ɗaga bonet, ya zaro sandar auna mai, ya murza man a yatsa. Wannan ba motar da aka yasar ba ce. A saninsa, motar da ake so haka ba ta fita gida sai an mutu ko an ci amana.

"Malama, mu ji muryarta mana."

"Na cire batir ɗin. Ba a nan za ku tayar da ita ba."

"Makullin fa?"

Ta sa hannu a wuyanta, ta zaro shi a jikin wata igiya daga ƙarƙashin mayafi. Takardun da ta miƙo duk sunan namiji ne a kansu.

"Ta mahaifina ce," in ji ta, tun kafin ya tambaya. "Ga takardar lauya da ta ba ni ikon sayarwa."

"Shi yana ina?"

"Ya fita."

"Da na so mu gaisa."

"Ba sai kun gaisa ba." Ta dubi agogon hannunta, karo na uku ke nan.

Ya kwanta a ƙasa ya duba lambar shasi da fitilar waya, ya gwada ta da ta takarda harafi bayan harafi. Daidai suke. Da janwe ya jawo motar fili, makanikin ya zagaya gefen hagu da sauri: sumul yake, yana ɗaukar ido. Fenta ya kanne masa ido yana dariya. Zuciyarsa dai ba ta kwanta ba, amma son motar ya riga ya fi ƙarfin tsoronsa, aka yi ciniki.

Mako biyu suka yi a kanta a gareji. Ya wanke tankin mai, ya canza filogi da robobin da suka bushe, ya sa aka dube lagireto. Ranar da injin ya tashi, ya tashi ne da wata irin murya mai taushi, har mai walda na maƙwabta ya ajiye aikinsa ya zo saurare. Sai da aka zo maganar fenti ne abu ya ɓullo. Fenta yana da al'adar bin jikin mota da ɗan maganaɗisu kafin ya taɓa ta. Ya bi ƙofofi, ya bi bayanta, maganaɗisun yana kamawa. Da ya zo saman tayar gaba ta hagu, sai ya sulale ya faɗi ƙasa.

Suka dubi juna. Fenta ya kankare wurin, sai ga ciko mai kauri an lafta a kan lotsewa, sabo ne, bai fi 'yan watanni ba. Makanikin ya kwance bambar gaba da kansa. A lungun ƙarfen da ke riƙe ta ya ga wani abu ya maƙale. Ya zaƙulo shi da filaya: rabin fedar keke ce, ƙarama, ruwan hoda, ta keken yara.

Ya daɗe yana juya ta a tafin hannunsa.

"Jefar da ita, Yaya," in ji Fenta. "Mun saya da takardu, ina ruwanmu? Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya."

"Ruwa ba ya tsami banza. An buge ɗan wani da motar nan, aka shafe wurin, aka nemi wawan da zai ɗauke ta. Ga ni na kawo kaina."

"To ka je wurin 'yan sanda, su fara da kai. Ka manta wancan karon?"

Bai manta ba. Ya kira lambar matar sau biyar ba a ɗauka ba. Ya koma shafin da ya ga tallar, ya tarar ta goge komai har sunanta. Kwana biyu yana shiga gareji yana fita bai iya ɗora sifana a kan motar ba. A rana ta uku da la'asar ya sa fedar a aljihu ya hau babur. Ya rage gudu a gaban ofishin 'yan sanda, ya dubi ƙofar, sannan ya wuce. Ya ce a ransa bari ya fara jin ta bakin matar, in ya so ya dawo.

Da ta buɗe get ta gan shi, fuskarta ta canza. Ya buɗe tafin hannunsa, ga fedar a ciki. Ta kalli abin, ta fito waje ta jawo ƙyauren a bayanta.

"Ɗan wa aka buge?" in ji shi.

"'Yata ce."

Ta jingina da katanga, ta yi maganar ba tare da ta dube shi ba. Mahaifinta tsohon direba ne, kuma shekara uku ke nan mantuwa ta kama shi. Wata safiya ya ɗauki makulli ya ce zai je ɗauko mahaifiyarta daga wurin aiki, matar da ta shekara tara a ƙasa. Yarinyar tana wasa da kekenta a bakin get. Ya sa giya, motar ta zabura, ta haɗa keken da ƙyaure.

"Ƙafarta ta karye wuri biyu. Kafin mu dawo daga asibiti ya manta komai. Na sa aka shafe wurin don kada ya gani ya yi ta tambaya. Na ɓoye makulli, sai ya koma neman wayoyin wuta zai haɗa ta tashi. Ranar Talata ake kai shi ganin likita, shi ya sa na ce ku zo ranar." Ta share ido da gefen mayafi. "Da na faɗa maka, za ka ce ƙarya nake. Ko yanzu ma na ga idonka."

Bai musa ba, don yana cikin auna maganar ne. Sai wata murya ta taso daga cikin gida.

"Wane ne a ƙofa?"

Ta ɗaga murya. "Makaniki ne, Baba." Ta juyo ta ce a hankali, "Na ce masa gyara aka kai ta. Kullum sai ya tambaya."

Tsohon yana zaune a kujera a ƙarƙashin rumfar da babu mota, sanye da farar riga mai guga. Kusa da shi wata yarinya 'yar shekara shida tana zaune a tabarma tana zane, ƙafarta ɗaya a miƙe cikin filasta, ga ƙananan sandunan dogarawa a gefe. Makanikin ya rusuna ya gaishe shi.

"Kai ne ka riƙe mini mota?" Tsohon ya kama hannunsa ya juya shi, ya dubi baƙin man da ke ƙarƙashin farata, ya gyaɗa kai. "Hannun aiki ne. Kada ka matsa mata da safe, ka bar ta ta ɗumama. Yaushe za ka gama?"

Makanikin ya ji idon matar a kansa.

"Da ɗan saura, Baba. Kayan irinta sun yi wuya."

"Yi a hankali, ba na son aikin gaggawa." Tsohon ya miƙa hannu ya shafa kan yarinyar. "Ka ga jikata? Wani ne ya buge ta, aka ce ya gudu. Direbobin yanzu ba su da imani. Ni shekara arba'in ina tuƙi, ko kaza ban taɓa takawa ba."

Yarinyar ta ɗago ta dubi baƙon, ta dubi kakanta, ta koma kan zanenta.

"Haka ne, Baba," in ji makanikin. "Allah ya ba ta lafiya."