Tokar Zuciyar Smaranda

Shekara arba'in ke nan ban faɗa wa kowa ba, ko limamin cocinmu da ke jin zunuban gari kaf yana gyangyaɗi. Ni Safta, matar Gligor, ni na sa aka tone kabarin Smaranda.

Daga tabo a wuyana abin ya faro. Anghel mai gidan niƙa na bakin rafi ne ya bar mini shi, ranar da na kai masara. Ba tilasta mini ya yi ba, kada in ɗora ƙarya kan ƙarya. Ni nake kai kaina, ko da garin gida bai ƙare ba. A idon gari kuwa mutumin kirki ne, shi ke jan waƙa a coci, ga mata ga 'ya'ya biyar.

Da yammar ranar ina tuƙa tuwo sai ɗankwalina ya zame. Gligor ya cafki haɓata, ya juya wuyana wajen hasken taga.

"Wannan fa? Uban wa ya cije ki?"

Na san nauyin hannun Gligor. Bakina ya riga hankalina.

"Smaranda ce," na ce. "Kwana uku ke nan tana zuwa mini cikin barci, ta danne mini ƙirji."

Smaranda ta yi wata guda a ƙasa a lokacin, zazzaɓi ya ɗauke ta ba ta yi aure ba. Mai jan gashi ce, mai dariya da ƙarfi, ba ta sunkuyar da kai in namiji ya yi mata magana. Mace irin wannan, in ji tsofaffinmu, ba ta kwanciya lafiya a kabari, takan tashi ta sha jinin masu rai. Ita ce kuma ta yi kwana shida a kaina da na yi ɓari, tana wanke mini tsummoki. Ta taɓa ganina ina fitowa daga bayan gidan niƙa ina kakkaɓe gari daga bayana. Ta sa hannu ta ƙarasa kakkaɓe mini, ba ta taɓa tayar da maganar ba har ta mutu.

Na ɗauka Gligor zai goga tafarnuwa a ƙofa ne kawai, yadda muke korar fatalwa, a wuce wurin. Ina! Washegari kafin hantsi gidanmu ya cika da mata, kowacce na son ganin wuyan.

"Dama mana!" in ji matar Anghel, tana shafa tabon da yatsa. "Da ranta ba ta bar mazan mutane ba, yanzu ta koma kan matansu."

"Mai jan gashin nan? Ai ƙasa ma sai ta gaji da ita," wata ta ce, suka kwashe da dariya.

Tsoro ya hana ni cin abinci. Na rame, na ɗashe, idanuna suka faɗa. Wannan ya zama shaida ta biyu.

Ran Asabar da safe dattawa suka ce a tone ta kafin ta cika kwana arba'in. Aka kai ni maƙabarta a keken shanu, an lulluɓe ni da bargo kamar jaririya. Da aka ɗaga murfin akwatin aka nemi mai ƙarfin hali ya ciro zuciyar, kun san wa ya nannaɗe hannun riga? Anghel. Shi da ya fi kowa sanin haƙoran da suka yi tabon. Ina jira ya ce a dakata, ina ga shi ma yana jira in ce. Bai ko dube ni ba.

"Ku duba kumatunta, jajir!" ya ɗaga murya. "Ta ƙoshi da jinin baiwar Allah."

Suka ƙone zuciyar a mararraba, suka dama tokar a ruwa, yadda ake yi wa wanda aka sha wa jini. Gligor ya tallafe mini kai a hankali, abin da bai taɓa yi ba tun aurenmu.

"Sha, Safta. Daure ki sha, ki warke mini."

Na shanye tas, har guntun da ya kwanta a gindin ƙoƙon.

Abin kunyar, sai na warke. Asirina ya rufu, cikina ya buɗe, na ci na yi ƙiba. Gari ya ce magani ya ci.

Bayan mako biyu ina shanya a tsakar gida sai ga Inna Tudora, uwar Smaranda. Tun ranar tonon ba mai amsa gaisuwarta. Tana riƙe da kaza a hamata, da rigar da ta yi shekara biyu tana yi wa ado don auren 'yarta. Tsohuwar da ta haifi kamata ta durƙusa a gabana cikin taɓo.

"Safta, 'yata, ki yafe mata. Allah ya sani ba muguwa ba ce. Sunanki ta yi ta kira da za ta cika. Ina ga son da take miki ne ya hana ta kwanciya, ba ta san cutar da ke take yi ba."

Ba kowa a gidan, daga ni sai ita. Gaskiyar ta taso mini har maƙogwaro. Na dubi ƙofa, na tuna Gligor ya kusa dawowa daga gona.

Na karɓi kazar, na karɓi rigar.

"Tashi, Inna," na ce. "Na yafe mata."

Ta kama hannuna ta sumbata, tana ta sa mini albarka.