Hannun Ajimi da Tayar Dama

Tun kakar tattasai ta bara Ajimi ya yanke wa kansa hukunci cewa shanyewar ɓarin jiki ta kama hanyar zuwa gare shi. Haka ta fara wa mahaifinsa, da tsamin kafaɗa. Shi ma yanzu duk sanda ya ɗauko buhuna daga Shetimari zuwa Diffa, tsohuwar akori-kurarsa sai ta riƙa zamewa dama, yana janyo ta da ƙyar, ya isa gari hannun hagu ya yi masa nauyi kamar na aro. Tsoro ya cika shi, amma ko matarsa Zainaba bai gaya wa ba. Mutumin da ke ba buhun tattasai labarin duniya in ya rasa abokin hira, sai ga shi ya koma shiru-shiru.

Ya ƙudura sayar da motar kafin ya kashe wani a hanya. To, wa zai saye ta da irin wannan taya? Ta gaban dama gefenta na waje ya cinye sumul, na ciki kuwa zanensa raɗau. Ya kai ta garejin Laminu a canza.

Laminu bakanike ya shafa tayar da tafin hannu, ya ɗago kai.

"Baba Ajimi, in na sa sabuwa, ita ma haka za ta ƙare. Ka taɓa faɗawa rami?"

"Da daminar bara, wajen gulbi. Amma ba abin da ya karye."

Laminu ya miƙe tsaye. Ya sa aka tura motar kan siminti mai daidai, ya ɗaura noti a bakin zare, ya sake shi a gefen ƙafar motar ta gaban dama. Zaren ya yi lilo, ya yi lilo, ya tsaya cak.

Ajimi ya durƙusa. Zaren a miƙe yake, ƙafar kuwa kanta ya kauce waje, tazarar ba ta fi kaurin ɗan yatsa ba. Wata nawa yana kallon wannan ƙafa, bai taɓa ganin ta a karkace ba sai da aka tsayar da abu madaidaici kusa da ita.

"Wannan ɗan abin ne ya cinye taya?"

"Shi ne. Kuma dole tana jan ka dama. Ba ka jin kafaɗa?"

Ajimi ya kai hannu ya dafa kafaɗarsa ta hagu.

Laminu ya ɗaga motar, ya kwance ƙusoshi, ya cusa 'yan siraran faya-fayan ƙarfe a maɗaurin ƙafar, ya sauke, ya sake zare. Bai gamsu ba, ya sake ɗagawa. Sai bayan la'asar zare da ƙafa suka jeru, aka sa taya, ya miƙa masa makulli.

Ajimi ya hau kwalta ya nufi Gagamari, ya damƙe sitiyari yana jiran fisgar da ya saba. Shiru. Ya sassauta yatsu. Can, ya yi bisimilla ya ɗauke hannuwansa duka biyu.

Motar ta miƙe sambal, gonaki na wucewa ta gefe, ba ta nemi dama ba, ba ta nemi hagu ba. Ya dubi hannunsa na hagu a sama, ya dunƙule, ya buɗe, ya sake dunƙulewa. Dariya ta ƙwace masa, hawaye na bin gemu.

"Allahu Akbar," ya ce. "Ashe ba ni ba ne."