Gumbar Sarkin Yaƙi

Ni Tasalla ta Gangara, ban yi nisa a boko ba, amma abin da idona ya gani ina iya rubuta shi. Wanga kuwa sai na rubuta, don har yau in na tuna sai in ji tuwo ya fita raina.

Ɗiyata Safiyatu tana aure a gidan da ke jingine da nawa, darnin kara kaɗai ya raba mu. Mijinta suruki ne, suna nai ba ya fita bakina, a takarda dai na iya sa shi: Attahiru. Tun da anka ɗaura aurensu ban taɓa tsayawa na yi mishi magana ido da ido ba. In ya biyo ta nan, in kauce ta can. Haka munka tarar ana yi.

A shekarun nan ruwa ya yi muna rowa. Damina ta zo ta wuce ba a cika rumbu ba, ta bayanta ma haka. A ta gaba munka yi binne tun ruwa bai sauka ba, anka ɗan yayyafa, gero ya leƙo, rana ta bi shi ta ƙone. Abin da ya rage a gidan Safiyatu na shuka ta biyu shi ne iri ƙwarya guda, gero mai saurin nuna, ta gauraya shi da toka ta zuba a tulu ta liƙe bakin da laka. Yaranta na kwana da kunun dusa, amma ba ta taɓa tulun nan ba.

Shi kuwa maigidan, da gemu nai da komi, shina can cikin waya. Wani wasa ne da suke kira Birnin Ƙarfe, don sunan turancin ya fi ƙarfin bakinsu. Kowa na da mutum nai a ciki, ya sa mishi sulke, ya gina gida, ya shiga runduna da mutanen da bai taɓa gani ba, 'yan Maraɗi, 'yan Ikko, har da wasu na ƙasar Sin. Attahiru ne shugaban rundunarsu. Lawwali mai cajin waya ya kafa musu doguwar gora da ƙarfe a kai a ƙofar gidan, shina jawo sabis daga Nijar, nan suke wuni. In ka ce "Attahiru" ba ya waiwayowa, sai ka ce "Sarkin Yaƙi". Safiyatu ta ce mini ya taɓa nuna mata gona tai ta cikin wayar, kore shar, wai can da ka latsa sai ruwa ya sauko. Ta ce mishi to ya latso musu kaɗan.

Wata hantsi ina tsince tsakuwa daga cikin kukar miya a gindin darni, ba don in ji komi ba, sai na ji muryar Lawwali.

"Sarkin Yaƙi, magana ta tabbata. Litinin da la'asar kamfanin za shi kashe injin wasan."

"Har birnin?"

"Har birnin, har rumbuna, har damisar da kake hawa."

"To sabon wasan da sunka ce suna gina muna fa?"

"Sun fasa shi tun bai fito ba. Wai ba ya biyansu. Yaran yanzu wa za shi zauna shekara da shekaru shina gina gari? Sai wasan harbe-harbe, a shiga a mutu a fito shayi bai huce ba. Mu ne munka rage, mu kuwa ba mu sayen komi a ciki."

Can na ji surukina ya ja majina. Namiji! Ranar da geron gona tai ya ƙone ban ji ya ja majina ba.

"Ba mu rabuwa haka nan awa awaki, Lawwali," in ji shi. "A taru ran nan, a yi sadaka. Gumba na wuyana."

Litinin da safe sai ga Safiyatu ta zagayo, ido ja.

"Inna, ya fasa bakin tulu."

"Ba ki hana ba?"

"Na hana. Ya ce jama'a na kallo nai, wai za shi sawo wani irin a Maraɗi."

"Da mi?"

Ta dubi ƙasa.

Da ɗana ne, da muciya za ni same shi. Amma suruki? Ko sama da ƙasa za su haɗe ban iya leƙa darni in ce "kai, bari". Na ce mata, "Je ki, ki yi abin da mijinki ya ce. Amma ki riƙa ɗiba kaɗan-kaɗan kina surfe, awa mai ciwon baya." Gero dai in ya sha surfe ya tashi daga iri, ko ka binne shi a bakin gulbi ba ya tsira.

Na yafa zane na nufi rijiya, inda na san ba a rasa Tani. Ƙawata ce tun muna 'yan mata, kuma magana ba ta kwana cikinta.

"Ke Tani, kin ji tashin taɓarya gidan ɗiyata?"

"Na ji. Cikin wagga shekara wa ke daka da safe?"

"Gumbar sadaka ce."

Ta saki guga. "Innalillahi! Wa ya tafi?"

"Ni dai maigidan na ji shina kuka. Kin san ba ni tambaya tai."

Ƙarya ko ɗaya ban yi ba.

Kafin azahar ta gota, mata sun fara shigowa da salati. Bayansu maza, kowa da buta. Sun tarar da tabarmi a shimfiɗe a gindin gora, ga Attahiru da Lawwali da sauran mayaƙan sun yi layi, kowa kai a sunkuye bisa waya. Mutane sunka zazzauna, sunka ɗaga hannu. Wani ya ce, "Ya haƙuri?" Lawwali ya ce, "Da godiya," don bai san abin da za shi ce ba. Ni ina bakin darni, na cire kara guda ina leƙe.

Sai ga Malami, wan mahaifin Attahiru, tsoho mai sanda, ya taho da sauri har takalmi guda ya tsinke.

"Attahiru, a yi rasuwa a gidanmu in ji a bakin mata? Wa ya rasu?"

"Baba, ba... ba mutum ba ne."

"Dabba ce?"

"Wasa ne, Baba. Na waya. Yau za a rufe shi."

"Da mi ake gumbar?"

Daidai nan wani daga cikinsu ya yi ƙara, "Ya ɗauke! Sarkin Yaƙi, ya ɗauke!" Sunka kifa kai bisa wayoyin gaba ɗaya, har da Attahiru, ya bar tsoho a tsaye. Malami ya dube su, ya tofar da yawu gefe. Ya shiga cikin gida ba sallama, ya tarar da Safiyatu a kan turmi. Ya leƙa ƙwarya, rabi ya tafi. Ya ɗauke ta ya rungume a ƙirji, ya fito ta tsakiyar jama'a.

"Wanga na wurina sai ruwa ya sauka. Kai kuma, Sarkin Yaƙi, kada ka tako ƙofata."

Na ɗauka mutane za su watse don kunya. Ina! Wanda anka riga anka surfa ba ya komawa, Safiyatu ta ƙarasa daka shi tana hawaye, anka fito da gumba. Waɗanda ke zagin Attahiru su ne sunka fara miƙa hannu. Tani ta ci, ta ƙulle wani a bakin zane, ta miƙo mini dunƙule ta kan darni. Na ce ta kai wa jikokina. Yunwa ce, na sani, amma ni na ga gonar ɗiyata ce ake lasa daga yatsu.

Da ruwa ya sauka, Malami ya kawo ƙwaryar da kansa ya ba Safiyatu hannu da hannu. Na bi su gona, na tsaya nesa. Attahiru na gaba da sungumi shina sara, ita tana biye tana jefa iri tana rufewa da ƙafa. Ya ba da baya shina ta sara da ƙarfi don mutane su gani, har ya kai iyaka. Ita kuwa tana isa gindin gawon da ke tsakiyar gona sai iri ya ƙare, ta kife ƙwarya, ta buga gindinta, ta ɗora a kai ta juyo. Ta wuce ni. Na bi ta munka taho gida, munka bar shi can da ramummuka nai.