Gidan Ƙaya

Ɗangiwa mai rubuta allunan shaguna yana tsaye da gwangwanin fenti a hannu lokacin da kafintoci suka sauke allonsa daga saman shagon ɗinkin Ruwaida. Shekara tara allon nan yana wurin, jan rubutu a kan fari, kowane harafi tsaye ƙiƙam, har mai babur da ya ɗauko gudu zuwa Dogon Daji yana iya karantawa. Suka jingine shi a bayan shago, fuskarsa na kallon bango.

Wanda suka ɗaga a madadinsa baƙi ne wuluk, rubutunsa ruwan zinariya. Haruffan duk sun karkata dama, wani gefen da kauri, wani siriri kamar zaren ɗinki. Hafiza ce ta tsara shi a kwamfutarta, aka bugo a Sakkwato. Tun da ta dawo daga karatu ta buɗe ɗan ofis kusa da tashar Tambuwal, masu shaguna suka koma wuce rumfar Ɗangiwa da gaisuwa kawai. Ruwaida ce ta ƙarshe da yake taƙama da ita. Abin da ya fi ƙona masa rai kuwa, allon ya yi kyau. Ya so ya kushe, bai sami ta inda zai kama ba.

"Baba Ɗangiwa, mi kag gani?" in ji Ruwaida. "Hafiza ta ce irin rubutun manyan gidajen kwalliya na ƙasar waje na."

"Rubutun da ka jingina awa bai ci abinci ba," ya ce.

Yana faɗar haka idonsa ya sauka a kan kalma ta biyu. Gidan Kaya aka so a rubuta. Amma harafin farko na kalmar, saboda ado, an ja masa hannunsa na sama an naɗe shi, ya fito da ƙugiya sak. Duk wanda ya yi aji uku a firamare Gidan Ƙaya zai karanta.

Daɗi ya kama Ɗangiwa har cikin ciki. Ya san da la'asar za a yi bikin sabunta shagon, matan Kebbe ma za su zo da atamfofinsu. Ya ja bakinsa ya tsuke, ya koma rumfarsa yana ta hango yadda za a yi dariya. Ranar ko tsakin da ya saba bai yi ba.

Bayan azahar sai ga Hafiza da kanta, ta durƙusa ta gaishe shi. Ashe wani malamin Hausa ya wuce ya karanta da ƙarfi, ya tambaya ko allurai ake sayarwa.

"Baba, in an sake bugawa sai jibi," ta ce. "Babu mai hannun da ka iya gyara shi sai kai." Ta ɗan dube shi. "Ka gani tun da safe, ko?"

"Idona ya tsufa, ɗiyata," ya ce, yana neman burushi.

Ba don tausayi ya hau tsanin ba. So yake a gan shi a sama yana gyara aikin kwamfuta. Sai dai rana ta take, titi babu kowa. Ya haɗa baƙi sau huɗu kafin ya dace da na allon, ya shafe ƙugiyar. Saura hannun harafin, wanda ya zama guntu. Ya rage gashin burushinsa da reza har ya kusa ƙarewa, ya tsoma a ruwan zinariya, ya riƙe numfashi, ya ja layi ɗaya mai farawa da kauri ya ƙare siriri. Shekara talatin yana rubuta allo bai taɓa jan layi kamarsa ba, kuma ya san haka.

Matan Kebbe suka iso yana tsugune yana wanke burushi da kananzir. Wata Hajiya Nasiha, mai sayar da leshi, ta tsaya ta ɗaga kai, idonta a kan harafin da Ɗangiwa ya gyara.

"Wa yay yi miki wanga?"

"Hafiza ta," in ji Ruwaida.

"Nima irinai nika so. Dubi bakin harafin ga, don Allah. Hannun mutum bai iya wanga, sai inji."

Hafiza ta sunkuyar da kai. Ɗangiwa ya miƙe, kishi na cin sa, ya ɗaga yatsa zai nuna mata daidai inda aikin inji ya tsaya nasa ya fara. Ya duba, ya matsa kusa ya sake dubawa. Shi kansa bai gane wurin ba.

Ya sauke yatsan, ya zagaya bayan shago ya ɗauki tsohon allonsa.